Filin Tambayi Adda: bashin ƙaramin banki, adashi da akwatin mata

Jama'a assalamu alaikum, ya gida ya yara ya kuma haƙuri da tsadar nan. Wannan makon da na buɗe saƙonninku sai naga kaman kun haɗa baki ne, kusan duka maganar bashi ce, mai son ci, da wanda ya riga ya ci yana neman mafita, da wanda aka cinye mishi zubi. Waɗanda suka daɗe da filin nan sun san kafin na zauna gida na yi shekaru ina karɓar kuɗin mako a wani ƙaramin banki, irin wanda ake ce wa maikurofainans, ni ce mai zuwa da jaka da littafi ranar Talata ana hango ni ana tsuke fuska, don haka ba a takarda kaɗai na san abin ba. Sunaye na cire kamar kullum.

TAMBAYA daga Pantami, Gombe

Adda barka da aiki. Ni matar aure ce yarana huɗu, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shekarata biyar ina yi. Matsalata jari, mudu goma nake iya saye a lokaci ɗaya kafin na juya gyaɗa ta ƙara kuɗi, ga masu shago biyu sunce in zan ringa kawo musu galan duk sati zasu ɗauka. Wasu ma'aikatan banki sunzo unguwarmu sunce mu haɗa guruf mu goma zasu bamu dubu 100 kowa, ruwa kashi 5 ne kacal a wata, a biya duk sati cikin wata shida. Maigida yace shi babu ruwanshi amma in na karɓa in ara mishi dubu 30 ya gyara mashin. Dan Allah Adda in shiga ko in haƙura?

AMSA

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, shekara biyar a bakin murhu ana matsar mai ba wasa ba ne. Gaskiya irinki aka yi wa bashin nan tun asali, mai sana'ar da take tafiya, ga kwastoma a hannu, jari kawai ya yi kaɗan. Amma kafin ki dangwala yatsa a fom zo mu yi lissafin da ma'aikacin bankin ba zai tsaya ya yi miki ba, don ni ma lokacin da nake aikin ban cika tsayawa ba, Allah ya yafe mana.

Kashi 5 a wata na dubu 100 dubu 5 ne, sau wata shida dubu 30, jimla zaki biya dubu 130. Raba shi sati 24, duk sati kusan 5,400. Har nan kowa ya gane. Inda abin yake shine yawancinsu ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya suke lissafa shi daga farko har ƙarshe, wato ko a wata na biyar da saura 'yan kuɗi kaɗan a kanki, ruwan dubu 100 cif kike biya. In aka baje shi yadda ya kamata, wannan kashi 5 ɗin da ake ce miki kacal ya haura kashi 100 a shekara. Sannan ki tambaye su nawa ne zai shigo hannuna, da wannan lafazin, domin akwai kuɗin fom, akwai na inshora, wasu kuma suna riƙe wani kaso su ce ajiyar dole ce sai kin gama biya. Sai kiga an rubuta dubu 100 amma abin da kika ƙirga a tafin hannu bai kai 90 ba.

To aikinki yanzu shine sati biyu ki samu littafin 'yan makaranta ki rubuta komai, kuɗin gyaɗa, suya, niƙa, itace, gishiri, leda, kuɗin keke zuwa kasuwa, sannan abin da mai da ƙuli suka kawo. In ƙarin gyaɗar da zaki saya da bashin zai kawo ribar da ta ninka 5,400 ɗin nan a sati, bismillah. In kuwa da kyar zai kai ta, to wa banki zaki yi wa suya ba wa kanki ba. Kuma ba dole sai kin karɓi dubu 100 ba fa, in 50 ta ishe ki ki ce 50, su sun fi son ki ɗauki mai yawa.

Maganar maigida kuwa zan faɗa ko ba daɗi. Dubu 30 ɗin nan in ta fita daga jarin, in dubu 90 ce ta shigo hannunki saura dubu 60 ne zasu yi aikin biyan dubu 130, kuma ranar Talata ba shi za a zo nema ba, ke ce. In mashin ɗin acaɓa yake yi da shi kuma ya yarda duk sati zai ajiye nashi kason a gaban wani babba a gidan, yayanshi ko mahaifiyarshi, wannan magana ce. In kuwa ara min kawai ne irin na cikin ɗaki, ki lallaɓa shi cikin ladabi ki ce kuɗin mutane ne ba naki ba. Mafi yawan matan da na gani sun faɗa rami ba kasuwa ce ta kayar da su ba, kuɗin ne bai taɓa isa kasuwar ba, ya tsaya a asibiti ko biki ko aljihun maigida.

Akwai wata baiwar Allah a cikin garin Bauchi da har yau take zuwar min a rai. Ta karɓi bashi ta sayi raguna biyu zata yi kiwon layya, dabara mai kyau a ido, amma rago ba ya haihuwar kuɗi duk Talata, ci yake yi, sai bayan wata huɗu ko biyar zai biya. Sati na uku ta fara kawo kuɗin a ƙulle a bakin zani, 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari duk sun jiƙe da zufa, sati na shida naga kwanukan jerenta sun ragu a kabet, sati na tara ta sayar da rago ɗaya tun sallah da sauran nisa a farashin da ko dusar da ya ci bai mayar ba. A guruf ɗaya da ita akwai mai injin markaɗe, ita kullum sai inji ya yi kuka kuɗi ya shigo, ta biya ba ta ko ji ba, ta sake ɗauka ta ƙara injin niƙa. Kuɗi iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, rana ɗaya suka karɓa. Bashin sati-sati na sana'ar da ke juyawa kullum ne, naki yana juyawa, shi yasa ban ce miki a'a ba.

Sai guruf. Ki sani su tara ɗin nan garantonki ne ke ma garantonsu ce, in ɗaya ba ta kawo ba a wurare da yawa ba a tashi daga zama sai kun haɗa mata. Kada ki yarda a cika muku lamba da wadda ba ku san sana'arta ba don kawai ana sauri.

Wannan tsarin na guruf ba a nan aka ƙirƙiro shi ba. Wani malamin jami'a ne a Bangaladash, Muhammad Yunus, a 1976 ya shiga wani ƙauye Jobra kusa da jami'arsu ya tarar da masu saƙa kujerun gora suna aiki amma duk ribar tana tafiya wajen masu ba su bashin kayan aiki, ya lissafa mutum 42 abin da suke buƙata gaba ɗaya dala 27 ne, ya ciro daga aljihunshi ya ba su. Daga nan aka samu bankin Grameen a 1983, mata ne kusan duk masu karɓa, biyar-biyar suke haɗuwa, a 2006 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya shi da bankin. Mu nan ma ba baƙon abu ba ne, ƙungiyar DEC ta Bauchi mai ba mata ƙananan rance tun 1987 aka kafa ta, ta daɗe tana aiki da ƙungiyoyin mata. Sai dai bayan duniya ta gama tafi masana sun bi diddigi, a 2015 aka fitar da sakamakon bincike a ƙasashe shida, Indiya, Maroko, Habasha, Meziko, Mongoliya da Bosniya, abin da aka gani shine bashin yana taimakawa sana'a ta ɗan faɗaɗa, mutum ya samu sararin juya kuɗi, amma bai ɗaga jama'a daga talauci a dunƙule yadda aka yi ta yayatawa ba, kuma a Indiya an lura masu sana'a tun kafin bashin su suka fi cin moriya. Wato dai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ke kina da na cikin, je ki yi lissafin sati biyun ki dawo min da shi.

TAMBAYA daga kasuwar Wunti, Bauchi

Salam Adda, ni tela ne. Mu ashirin muke adashi dubu 10 duk sati, ni ne na 17 a ɗauka, nayi zubi sati 14 ba fashi ina jiran in sayi keken zigizag. Kwatsam uban adashin ya rufe shago wayarshi a kashe, ashe mutum uku da ke cikin lissafin babu su, shi yake kwashewa da sunansu. Wlh Adda na rasa me ke min daɗi, har nace na bar adashi har abada.

AMSA

Innalillahi, Allah ya mayar maka da alheri ɗan'uwa, dubu 140 a wajen tela ɗinki ne mai yawa. Farko kada ku zauna kuna Allah ya isa a shago, ku da abin ya shafa ku haɗu ku tattara duk wata shaida, littafin zubi in akwai, alat na turansifa, saƙonnin WhatsApp, ku je wajen shugabannin kasuwa da mai unguwarsu, mutum ba ya rasa dangi, sau da yawa in magana ta kai gaban manya 'yan'uwa kan fito a yi yarjejeniya a rubuce a ringa biya da kaɗan-kaɗan. In sulhu ya ƙi sai kotu. Ba zan yi maka alkawarin duka zai dawo ba.

Amma barin adashi har abada kam ban goyi baya ba. Adashi shi ya aurar da mu, shi ya sayi kekunan ɗinkin rabin telolin garin nan, babu ruwa babu fom babu garanto. Laifin ba na adashi ba ne, na yadda muke yin shi ne, kunya ta hana mu tambaya. Mutum ashirin kuma ba ku taɓa zama wuri ɗaya kun ga juna ba, to ta ina zaku san uku aljanu ne? Allah da kanshi ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan bashi ya saukar da ita, ya ce a rubuta a kafa shaidu, mu kuma sai mu ce ai rubutu rashin yarda ne. Nan gaba kowa ya san kowa ido da ido, sabon shiga shi ne na ƙarshe a ɗauka, kuɗi kada ya kwana a hannun uban adashi, ranar zubi ita ce ranar kwasa, in ta waya ne kowa ya tura kai tsaye wa mai ɗauka ya saka rasit a guruf. Kuma ku rage tsawo. A Disambar 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta kai kashi 34.8, a irin wannan yanayi adashin da zai shekara na ƙarshe shi ke biyan kuɗin tsadar, dubu 10 da ya zuba a Janairu ba ita ya karɓa a Disamba ba.

Bari in ba ka labarin wani tsari da ni a ganina ya fi bashin banki amfani ga talaka, kuma abin daɗin da sunan Hausa ya fara. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a yankin Maraɗi a Nijar, aka sa mishi Mata Masu Dubara, daga adashin da matan suka saba aka gina shi, yau ya bazu ƙasashe da dama a Afirka da wajenta, kuma ƙauyukanmu na Bauchi da Gombe ma ana yi, mata suna ce mishi akwati. Mutum 15 zuwa 30 ne suke zama duk sati. Ana yanka farashin hannu ɗaya, a ce 500, kowa ya sayi daga hannu ɗaya zuwa biyar gwargwadon ƙarfinshi a wannan satin, a buga mishi hatimi a ɗan littafinshi, ka ga wanda kasuwa ta yi wa tsiya ba zai ji kunya ba. Kuɗin yana shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullai uku a hannun mutum uku daban, akwatin kuma yana kwana gidan na huɗu da ba shi da makulli ko ɗaya. Ba a buɗewa sai gaban kowa, masu ƙirga biyu su ƙirga da ƙarfi a faɗi jimla kowa ya ji. Mai bukata ya ranta daga ciki, yawanci bai wuce ninki uku na abin da ya tara ba, ya biya cikin kamar wata uku. A gefe akwai ɗan asusun taimako na rashin lafiya da rasuwa da gobara, shi ba bashi ba ne. In shekara ta zagayo a fasa, kowa ya ɗauki nashi da rabonshi na abin da aka samu.

Na taɓa zama a rabon wata ƙungiya a wani ƙauye ta wajen Dass, an shimfiɗa tabarma an juye kuɗi a faranti uku, wata tsohuwa da ba ta karatu tana gyara wa sakatariya lissafi daga ka, ta ce satin da aka yi ruwan ƙanƙara hannu biyu na saya ba ɗaya ba, aka duba hatimi haka ne. Ranar naga abin da ban taɓa gani a aikin banki ba, mutane suna murnar ranar lissafi. Kuɗin ba shi da yawa, ba zai saya maka mota ba, amma yana hana a sayar da akuya ranar da yaro ya kwanta zazzaɓi, kuma wannan sayar da akuyar shi ne ƙofar da talauci ya fi shigowa ta ciki. Sunan na mata ne amma ba a hana maza ba, ku telolin Wunti ku gwada.

TAMBAYA daga Kumo

Adda ina gaisuwa. Na gama NCE ba aiki, ina son in samu keke napep in ringa ja. Abokina yace in je maikurofainans, ni kuma ina tsoron riba, babanmu yace in na ci kuɗin ruwa kada in kawo mishi ko sisi a gida. Akwai wata hanya kuwa?

AMSA

Ƙanina ni ba malama ba ce, fatawa sai ka je wajen masu ita, amma abin da baba ya faɗa shi ne abin da malamanmu suke kai, bashin da aka sharɗanta ƙari a kanshi riba ne, ayar tana nan a Baƙara ta 275, Allah ya halatta ciniki ya haramta riba. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na bar wancan aikin, kuma shi yasa bankuna da yawa suke buɗe reshe a arewa suna mamakin mutane ba sa zuwa.

Hanya akwai. Jaiz ya fara aiki a 2012 a matsayin bankin da ba ruwa, TAJ ya biyo a 2019, kuma Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin ƙananan bankuna marasa ruwa su ma. Abin da ya dace da kai shi ne murabaha, ba kuɗi zasu ba ka ba, su zasu sayi keken ya zama nasu sannan su sayar maka da riba sananniya da kuka yi ciniki a kai, ka biya a hankali, farashin da aka yanka shi kenan ba ya hayayyafa. Amma kada ka je da tunanin sadaka ce, in ka haɗa jimla wani lokaci bai fi na ruwa sauƙi ba, zasu nemi garanto, zasu nemi ka fara ajiye wani kaso, zasu duba yadda kuɗi ke shiga asusunka.

Ni da zaka ji tawa, ka fara karɓar keken wani kana ja kana kawo balas wata shida. A nan zaka san nawa mai ke ci tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, nawa bakanike ke ci, nawa 'yan tikiti ke ci, ranar ruwan sama nawa ake samu. Kana yi kana zubi. Da wannan kuɗin da wannan sanin zaka tunkari banki ko wani mai hali a garinku. Kuma fa abin da ake kira mudaraba a littafi kakanninmu sun daɗe suna yi ba su sa mishi suna ba, mai kuɗi ya sayi sa, mai ƙarfi ya yi kiwo, a sayar a cire uwar kuɗi a raba riba yadda aka shirya, in asara ta zo ba da sakaci ba mai kuɗi ya rasa kuɗinshi mai kiwo ya rasa wahalarshi. A rubuta kawai.

TAMBAYA daga Yelwa, Bauchi

Adda na ci bashin dubu 15 a wata manhaja ta waya, kwana bakwai sukace in biya 21, na makara kwana uku sun tura wa surukata da shugabana a ofis saƙo wai ni ɓarawo ne. Yanzu wata manhajar nake son ci in biya wannan.

AMSA

A'a, kada ka kuskura, haka ake tashi da manhaja takwas a wuya. Wannan ba taimakon talaka ba ne, dubu 6 a kan 15 cikin sati ɗaya kashi 40 kenan. Kunyar da kake gudu ta riga ta faru, to yi amfani da ita, je ka samu ɗan'uwa ko ƙungiyar ma'aikata ta ofishinku ka faɗi gaskiya su rufa maka ka biya ka goge manhajar. Ka ajiye hoton saƙonnin da suka tura, tozarta mutum a wajen jama'arshi ba ya cikin doka, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya FCCPC tana karɓar irin wannan ƙorafi, tun 2022 ta sa masu bashin waya yin rajista. Surukarka kuma ka je da kanka ka yi mata bayani kafin labarin ya yi ƙafa.

TAMBAYA daga Dadin Kowa

Hajiya Adda ni manomin shinkafa ne na rani. Lokacin korona na cike fom aka bani kuɗi, kowa yace tallafi ne na gwamnati ba a biya. Kwanaki na sayar da shinkafa aka turo min kuɗi a wani bankin daban sai naga an zare wani abu wai bashi. Wannan adalci ne? Kuma yanzu wani yazo yace in bashi dubu 5 zai saka sunana a sabon lamunin manoma.

AMSA

Malam sannu da aiki, Allah ya sa albarka a noma. Zan ɓata maka rai kaɗan. In takardar da ka sa wa hannu ta ce lamuni to bashi ne, ko da duk garin sun ce kyauta ce. Tun 2020 Babban Banki ya kawo tsarin da ke ba mai bin bashi dama ya bi BVN ɗinka ya ɗauka daga duk asusun da kake da shi a kowane banki, yarjejeniyar tana cikin takardun da ake sa hannu ba a karantawa. Abin da zaka yi ka je reshen da kanka ka ce a buga maka bayanin asusun bashin, nawa aka ba ka, nawa aka cire, nawa ya saura, in akwai kuskure a nan zai fito, in babu ka roƙi a tsara maka biya ya dace da lokacin girbi.

Wannan tunani na kuɗin gwamnati rabonmu ne shi ya kashe mana abubuwa da yawa. Zamanin Babangida an kafa Bankin Jama'a a 1989 don talaka ya samu rance ba jingina, aka biyo da bankunan al'umma a 1990, na farkon bai yi ƙarko ba a 2000 aka narkar da shi cikin bankin manoma, na biyun kuma bayan tsarin da Babban Banki ya fitar a 2005 aka ce su rikiɗe su zama maikurofainans. Shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwambar 2015 shi ma rashin biya ya dabaibaye shi. Ba na ɗora wa manomi laifin duka, an sha kawo taki bayan shuka ta wuce, ambaliya ta ci gonaki, 'yan siyasa sun cusa sunayen da ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba. Amma duk wanda ya ci ya ƙi biya ƙofa ya rufe wa na bayanshi, kuma in ƙofar ta rufe ina manomi zai koma? Wajen mai falle, ya ba ka kuɗi da damina lokacin da ido ya yi ja, da kaka ya zo ya ɗauki buhu a rabin kuɗinshi ya wuce Tudun Hatsi da shi.

Mai dubu 5 kuwa ka ce mishi Allah ya ba da sa'a. Ba a sayen suna a lamuni, kuma kada ka ba kowa BVN ko lambar da ake turowa a waya. Ku manoman layinku ku yi ƙungiya mai rajista da asusunta a banki, ku fara da kuɗinku, ku sayi taki da man injin ban ruwa a dunƙule. Amma bashin noma na biya bayan girbi ne, kada wani ya lallaɓe ka da na sati-sati, labarin mai raguna na sama ya ishe ka. Haka kuma kada ka ci bashi don ajiyar hatsi da tunanin dole ya tashi, waɗanda suka tara a kakar 2024 da yawa sun ji a jikinsu da farashi ya sauko a 2025.

TAMBAYA daga Azare

Anti wani kamfani ya buɗe ofis yace in ka ajiye dubu 50 bayan wata ɗaya ka karɓi 80, maƙwabciyata ta karɓa har sau biyu. Sunce su ma maikurofainans ne.

AMSA

'Yata riƙe kuɗinki. Maƙwabciyarki da kuɗin waɗanda suka shiga bayanta aka biya ta, haka MMM ya yi har ya rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, haka CBEX a Afrilun 2025. Babu sana'ar halal da ke ba da kashi 60 a wata ana zaune. Ƙaramin banki na gaskiya yana da lasisin Babban Banki, sunanshi yana cikin jerin da ke shafinsu na intanet, sa wani yaro mai waya ya duba miki, kuma yana ƙarƙashin inshorar NDIC, wadda tun 2024 take biyan mai ajiya har naira miliyan 2 in irin wannan banki ya durƙushe. Su ma masu lasisin suna durƙushewa fa, a 2023 kaɗai an soke na sama da 100, balle wanda allo kawai ya kafa da kujerun roba.

Mai tambaya daga Bajoga kan kiwon kaji, saƙonki rabi ya shigo ya tsaya a daidai inda kike faɗin kuɗin abinci, ki sake turowa da adadin kajin sai mu duba mako mai zuwa in Allah ya kai mu.